Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna: ku bi sawun waɗanda ake ce wa "ku wuce gaba"

Zuwa ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna, da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko, da shugabannin ƙananan hukumomin Zariya, Sabon Gari, Giwa, Soba da Kudan.

Assalamu alaikum, ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ni ɗan kwamitin asibitin gundumarmu ne a nan Zariya, irin kwamitin nan da ake haɗa mai unguwa da liman da wakiliyar mata da wakilin matasa. Ba likita ba ne ni, ba kuma nas ba, amma ina cikin waɗanda ake bugo wa waya cikin dare idan abu ya ci tura, a ce a taimaka da mota ko a zo a raka. Abin da ya sa na rubuto a fili shi ne maganar ba ta unguwarmu kaɗai ba ce, duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar Zazzau ya san ta.

Masu zuwa duba asibitoci suna zuwa, daga wurare daban-daban, na gwamnati da na ƙungiyoyi, kuma abin da na ga ana dubawa kusan ɗaya ne. An yi fenti? Gado nawa ne? Firjin rigakafi yana aiki? Sola na kawo wuta? Waye ya sa hannu a rajistar zuwa aiki? Duk suna da amfani, ban raina ba. Amma tambayar da nake roƙon ku sa a sahun farko ita ce: a watan da ya wuce mutum nawa wannan asibiti ya tura gaba, nawa ne suka isa inda aka tura su, awa nawa suka yi kafin likita ya taɓa su, kuma nawa ne suka koma gida da ƙafarsu? Wallahi idan kuka samu amsar wannan kun san lafiyar asibitin fiye da duk hoton da za a ɗauko muku na gini.

A takarda tsarin yana da kyau. Ƙaramin asibiti a kowace gunduma, jihar nan kuma gunduma 255 gare ta a ƙananan hukumomi 23, an kuma kashe kuɗi wajen gyara ɗaya a kowacce, wannan kowa ya gani. Abin da ya fi ƙarfin ƙarami sai a tura babban asibiti, irin su Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, Limi a Sabon Gari, na Giwa, na Maigana, na Hunƙuyi, na Maƙarfi, na Ikara. Abin da ya gagari waɗannan sai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Shika. To amma ku duba, kowane mataki da mai shi. Ƙarami yana ƙarƙashin hukumar matakin farko da ƙananan hukumomi, na tsakiya na ma'aikatar jiha ne, Shika kuma na gwamnatin tarayya. Muddin mara lafiya yana kan gado akwai wanda za a tambaya, amma da an ɗauke shi an sa a mota an hau titi, shi ke nan ya zama na danginsa kawai, babu ofishin da yake cikin lissafinsa har sai ya isa wata ƙofar, in ya isa.

Bari in gaya muku abin da na gani da idona, ba zan ambaci asibiti ko suna ba don ba tonon silili na zo yi ba. Yarinya ce 'yar shekara sha takwas ko sha tara, cikin fari, aka kawo ta ƙaramin asibiti bayan sallar isha'i ƙafafu a kumbure tana kukan ciwon kai, kafin a gama auna jininta jijjiga ta kama ta. Ma'aikaciya ɗaya ce a wurin, ita ce mai karɓar haihuwa ita ce mai ba da kati, hannunta har rawa yake. Ta yago takarda daga littafin rubutu irin na 'yan makaranta ta rubuta kalma uku ko huɗu ta miƙa wa mijin ta ce ku yi sauri. Babu abin da awon jini ya nuna a takardar, babu lokacin da jijjigar ta fara, babu maganin da aka ba ta, babu lambar waya. Muka samo Golf ɗin wani maƙwabci, aka kwantar da ita a baya kanta a cinyar uwar mijin, uwar tana danne mata hannu tana salati. Muka isa babban asibiti, nas ta duba ta ce wannan sai tiyata kuma mai sa barci ba ya nan da dare, ku wuce gaba. Ba wanda ya buga waya can gaba ya ce ga mu nan tafe. Muka sake hawa titi, a asibiti na uku aka fara komai daga farko, tambayoyin da aka yi sau biyu aka sake yi, sannan aka ce a nemo masu ba da jini, da tsakar dare, mijin yana tsaye da takalmi wari ɗaya yana kiran 'yan uwansa a waya ɗaya bayan ɗaya. Allah ya yi da sauran kwananta, ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba.

Yanzu a rajistar asibiti na farko me aka rubuta? An tura. Na biyu ma an tura. Duka biyun littafinsu fes, babu mutuwa, sai na ukun ne zai rubuta jariri ya mutu, alhali abin da ya kashe shi a hanya ya faru da kuma ƙofofin da aka tsaya aka juya. Idan da waɗannan littattafai za ku auna aiki, za ku yaba wa inda aka yi sakaci ku zargi inda aka yi ƙoƙari.

Kuma wannan ba sabon ilimi ba ne, a garin nan ma an nuna wa duniya shi. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a 1985, babban abin da ya fito shi ne matan da ba su yi awo ba, waɗanda aka kawo a makare cikin halin gaggawa, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Shekara arba'in ko fiye ke nan. Masana suna cewa jinkiri uku ne ke kashe mai ciki, jinkirin yanke shawarar fita daga gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon namu ne mu jama'a, kuma muna fama da shi, muna zama da magidanta a masallatai muna cewa ka bar izini a gida kafin ka yi tafiya, kar a tsaya jiran ka dawo daga kasuwar Giwa mace tana zubar da jini, kar a tsaya a kemis ana ƙarin ruwa kwana biyu. Amma na biyu da na uku a hannunku suke ranku ya daɗe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duk duniya 'yan Nijeriya ne, kuma kowa ya san arewa ce ta fi ɗaukar nauyin.

Abin da ya fi damuna shi ne akwai abubuwan da ake iya yi kafin a sa mutum a mota, masu araha, waɗanda ma'aikacin ƙaramin asibiti zai iya in an koya masa kuma an ajiye masa kayan. Mai jijjiga ana yi mata allurar magnesium sulphate ta farko kafin a tafi, ita ce ke hana jijjigar dawowa a hanya. Mai zubar jini bayan haihuwa akwai maganin allura oxytocin, wanda sai an ajiye shi a sanyi in ba haka ba ƙarfinsa ya tafi, akwai maganin ƙwaya misoprostol da ba ya buƙatar firji, a sa mata ruwa a jijiya kafin jijiyoyin su ɓace, don zubar jinin haihuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu. Yaro ɗan ƙasa da shekara shida da zazzaɓin cizon sauro ya yi wa tsanani har ba ya iya haɗiya akwai maganin artesunate na matsi da ake sa masa ta dubura kafin a kama hanya. Dan Allah idan kun je dubawa ku ce a buɗe kabad ku gani, akwai su? Ranar lalacewarsu ta wuce? Wadda ke kwana a wurin ta san yawan da ake bayarwa ba tare da ta buga wa wani waya ba?

Sai babban asibiti, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Tsarin nan kamar tsani ne, matakin tsakiya in ya karye dole wanda ke ƙasa ya yi tsalle zuwa sama, kuma ba kowa ke da ƙarfin tsallen ba. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi ne duk mutum 500,000 su samu aƙalla asibiti biyar masu iya taimakon gaggawa na haihuwa, ɗaya daga ciki ya zama yana yin tiyatar ciro jariri da ƙarin jini. A 2015 kuma kwamitin mujallar likitoci ta Lancet kan tiyata ya kawo ma'auni mai sauƙin ganewa, a ce mutum yana iya isa cikin awa biyu asibitin da ke yin aiki uku: ciro jariri, buɗe ciki, da gyaran karayar da ƙashi ya fasa fata. Asibitin da ke iya waɗannan ukun yana da likita, yana da mai sa barci, yana da wuta da ruwa da jini da oksijin, sauran abubuwa za su biyo. To tambayar ba wai akwai ɗakin tiyata ba, kusan duka akwai ɗakin, tambayar ita ce ƙarfe biyun daren Asabar za a iya shiga a yi aiki? Ku je a irin wannan lokacin ba tare da sanarwa ba, ku tambayi waye ke kan kira, ku ce a tada janareta ku ji, ku buɗe firjin jini ku ƙirga leda nawa ce a ciki, ku duba littafin tiyata ku ga nawa aka yi da rana nawa aka yi da dare. Asibitin da duk tiyatarsa tsakanin ƙarfe tara na safe da azahar take, to da dare tura mutane yake yi, ko ba a gaya muku ba.

Na ji daɗi da ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate, wanda shi ma a ABU ya yi karatun likita, ya sanar a watan Nuwamban 2024 cewa za a riƙa yi wa mata masu ƙaramin ƙarfi tiyatar haihuwa kyauta. Amma kyauta tana amfani ne a inda akwai mai yin aikin, kuma mutane su san wane asibiti ne ke cikin tsarin. Ku rubuta sunayen asibitocin da Hausa ku manna a kowane ƙaramin asibiti, a faɗa a rediyo.

Saboda tsakiyar ta yi rauni, mutane sun koyi tsallake ta. Ka je Shika da sassafe ka ga layi, mai zazzaɓi, mai zuwa awon hawan jini, mai ciwon suga da maganinsa ya ƙare, ga kuma waɗanda suka taso daga Funtuwa da Zamfara da sauran wurare. Tun da asibitin ya koma can a 2005 mutumin cikin birni sai ya ratsa Ƙofar Doka da Tudun Wada da Kwangila da Samaru kafin ya isa, amma duk da haka ya gwammace ya je, don yana ganin in ya tsaya a hanya ƙarshe dai can za a ce ya tafi, ya yi asarar kuɗin kati da rabin yini. Ban ga laifinsa ba. Sai dai sakamakon shi ne likitan da ya kamata ya zauna da mai kansa ko mai ciwon ƙoda yana fama da abin da asibitin unguwa zai iya, gadajen emajensi a cike, wanda aka turo da gaske yana jira. Ranar da likitoci masu neman ƙwarewa suka shiga yajin aiki kuma kowa ya ga yadda kayan ke dawowa kan asibitocin jiha gaba ɗaya.

Akwai wani dattijo a unguwarmu da aka sallama bayan shanyewar ɓarin jiki, duk wata sai 'ya'yansa sun ɗauki shatar Keke Napep sun kai shi babban asibiti mai nisa, a tallafo shi mutum biyu, don kawai a auna jininsa a sake rubuta maganin da yake sha, kuɗin keken ya fi kuɗin maganin. Ga ƙaramin asibiti nan taku kaɗan daga ƙofar gidansa, amma ba a ba su ko layi ɗaya a rubuce ba cewa ga abin da ke damunsa ga maganinsa ku ci gaba da duba shi, in kun ga kaza ku dawo mana da shi. Takardar tura mara lafiya ta gaskiya ɓangare biyu gare ta, na sama mai turawa ya cike, na ƙasa wanda ya karɓa ya cike a mayar wa mai turawa. Na ƙasan nan shi ne kusan ba ya dawowa. Ita ma'aikaciyar da ta tura yarinyar nan mai jijjiga sai a bakin 'yan unguwa ta ji yadda aka ƙare, babu likitan da ya ce mata ga abin da kika yi daidai ga abin da za ki ƙara gobe, to ta yaya za ta ƙaru?

Maganar mota kuma. Motar asibiti da babu mai a tankinta, ko direba yana gida babu wanda ya san lambarsa, ko sai dangi sun biya kuɗin mai kafin a tada ta, wannan a lissafi ne kawai take mota. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, a ciki an ware kashi 15 don gine-gine da kayan aiki da sufuri, kashi 5 don jinyar gaggawa. Ina roƙon a nuna wa kwamitoci nawa ne ke zuwa ga sufurin marasa lafiya a kowane asibiti. Sashe na 20 na dokar kuma ya hana kowane asibiti ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, har da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, amma mutanenmu da yawa ba su taɓa jin wannan ba. Sannan tsarin nan da aka yi da direbobin ƙungiyar NURTW a jihohin arewa, a horar da su ɗaukar mai naƙuda cikin dare, abu ne mai kyau ƙwarai don ƙauyen da ke bayan Dakace ko can cikin Fatika ambulan ba za ta riga direban garin isa ba, musamman da damina. A farfaɗo da shi, a biya su kuɗin mai a kan lokaci, a rubuta lambobinsu a bangon asibiti. Haka jirage marasa matuƙi na kamfanin Zipline da aka ƙaddamar a Pambeguwa a 2022 don kai magani da jini, muna so mu san waɗanne asibitocin yankin Zariya ne ke iya neman jini ta nan da kuma minti nawa yake ɗauka.

Ina so ku fahimce ni, ban rubuto don a hukunta ƙananan ma'aikata ba. Mace ɗaya a asibiti da dare, babu mai gadi babu abokiyar shawara, ta san in mai ciki ta mutu a hannunta ita za a tuhuma, dangi su taso mata ofis ya taso mata, dole ta yi saurin cewa ku wuce gaba. Likitoci kuma suna ta tafiya Saudiyya da Ingila, wanda ya rage shi kaɗai yake duba layin safe ya shiga tiyata ya kwana kan kira. Idan kuka mayar da wannan ƙidaya abin kama mutane, za a ɓoye muku gaskiya, za a daina rubutawa. Ku mayar da ita zaman gyara, duk wata shugaban babban asibiti ya zauna da masu kula da ƙananan asibitocin da ke turo masa, a ɗauko sunayen waɗanda aka tura ɗaya bayan ɗaya a ga inda aka makara, kamar yadda kwamitocin bin diddigin mutuwar masu ciki da jarirai ya kamata su riƙa yi, sai dai a haɗa da waɗanda suka sha da ƙyar, da yara, da waɗanda suka yi hatsari a hanyar Kaduna ko ta Kano.

Ba sai kun fara da jihar gaba ɗaya ba. Ku zaɓi babban asibiti ɗaya a yankin nan da duk ƙananan da ke kewaye da shi, ku buga takardar turawa mai ɓangare biyu ku raba isasshiya, ku sa waya ɗaya a ɗakin haihuwa ɗaya a emajensi wadda ake ɗauka dare da rana, a ce ba a ɗaga mara lafiya sai an kira an tabbatar akwai mai karɓarsa, ku zauna da shugabannin Shika ku daidaita yadda za a riƙa turawa da mayarwa tunda ba ƙarƙashinku suke ba. Bayan wata shida ku manna alƙaluman a ƙofar asibitin inda kowa zai gani, an tura kaza, kaza sun isa, kaza sun rasu, takarda kaza ta dawo, ku kira mu 'yan kwamiti da masu unguwanni da direbobi a karanta mana. Mu a namu ɓangaren za mu iya bin gida-gida mu gano waɗanda aka tura ba su je ba da dalilinsu, mu kuma haɗa muku sunayen matasan da suka yarda a kira su ba da jini a kowace unguwa, mun riga mun fara rubutawa.

Allah ya yi muku jagora, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Naku,
Wani ɗan kwamitin asibitin gunduma, Zariya.